LAFIYA UWAR JIKI: In Ƙafa Ta Ƙi Ɗaguwa

A watan jiya na yi alkawarin za mu ƙarasa maganar hawan jini, to, amma sai ku yi mini afuwa mu jingine ta zuwa wata mai zuwa, domin wani abu ya faru a unguwarmu wanda na ga bai kamata in bar shi ya sha ruwa ba.

Wata baiwar Allah maƙwabciyarmu, mai sayar da koko da ƙosai a bakin titi, ta yi mini sallama da sassafe da ɗanta ɗan shekara 6 a goye, yaron da ya daɗe da wuce goyo. Bayan mun gaisa sai ta ce, "Baba, duba mini jikanka. Yau mako uku ke nan ƙafar nan ta ƙi." Na ce ta sauke shi ya taka in gani. Da ya fara tafiya sai na ga yana ɗaga gwiwar hagu can sama kamar mai hawan matakala, in ya sauke sai sawun ya bugi ƙasa, silifa kuma ta ƙi zama a ƙafar. Na ce masa ya ɗaga yatsunsa sama su dubi hancinsa. Na dama suka ɗagu, na hagu ko motsi.

Na tambayi uwar yadda abin ya fara. Ta ce zazzaɓi ne ya kama shi da dare, ta ɗauke shi zuwa wurin wani mai allura da ke yin aiki a ƙuryar shagonsa. Ana tsira masa allurar a ɗuwawu yaron ya ƙwalla ƙara irin wadda ba ta taɓa ji ba, yana cewa wuta ta bi ƙafarsa har yatsu. Mai allurar ya ce raki ne, ya danne shi ya ƙarasa. Zazzaɓi ya sauka, ƙafa ta shanye. Daga nan masu ba da shawara suka yi yawa. Wannan ya ce shan inna ne, wancan ya ce iska ce, kakarsa kuma ta sa aka yi masa tsaga aka shafa magani. Haka mako uku suka wuce ba wanda ya ce a je asibiti.

Wannan yaro ba shi ne na farko da na gani ba, kuma na tabbata a Nima da Sabon Zango da Aboabo da sauran zangunanmu akwai mai karanta wannan shafi da zai ce shi ma ya san irinsa. Shi ya sa yau za mu yi magana a kan jijiyoyin ƙafa, abin da ke lalata su, yadda likita ke gano inda ɓarnar take, da kuma abin da ake yi a kai.

WACE JIJIYA AKE NUFI?

Bahaushe kalma ɗaya gare shi ga abubuwa uku. Hanyar da jini ke bi, jijiya. Igiyar da ke ɗaure tsoka da ƙashi, kamar agara a bayan dunduniya, ita ma jijiya. To, akwai ta uku, wadda ita muke nufi yau, wato jijiyar ji da motsi. Ita fara ce, ba jini ke gudana a cikinta ba, saƙo take ɗauka. Idan ka yi niyyar ɗaga ƙafa, ƙwaƙwalwa ce ke aika umarni ta cikin lakar baya, ya bi wannan jijiya har zuwa tsoka. Idan ka taka ƙaya, ta wannan hanya ce labari ke komawa sama. Saboda haka in ta lalace abu uku kan biyo baya: ko ƙarfi ya tafi, ko ji ya ɗauke, ko kuwa a riƙa jin zafin ƙarya, wato raɗaɗi da tsira-tsira kamar allura, ko kamar kiyashi na yawo a fata alhali ba komai a wurin.

Babbar cikinsu ita ce wadda likitoci ke kira sayatik. Duk jikin mutum babu jijiyar da ta kai ta tsawo da kauri, don a jikin babba faɗinta ya kusa na babban yatsan hannu. Saiwoyi biyar ne ke fitowa daga ƙasan ƙashin baya su haɗu su yi ta. Tana ratsa tsakiyar ɗuwawu ta gangara ta bayan cinya, kafin ta kai gwiwa sai ta rabu biyu. Reshe ɗaya ya miƙe ta sha-raɓa, ya bi ta bayan idon sawu na ciki zuwa tafin ƙafa, shi ke sa mutum ya iya yin ɗage. Ɗaya reshen kuma ya zagayo ta gefen gwiwa na waje. Mai karatu, in ka shafa gefen gwiwarka ta waje, ƙasa kaɗan, za ka ji wani ɗan ƙullin ƙashi. Daidai ƙarƙashinsa wannan reshe ya ratsa, ba abin da ya raba shi da waje sai fata. Shi ke ɗaga sawu da yatsu sama, kuma shi ya fi kowace jijiya ta ƙafa saurin samun rauni. In ya mutu sawu sai ya langaɓe, kamar yadda na gani a wurin yaron nan.

Ta gaba kuma akwai wata jijiya da ke bi ta matsematsi zuwa gaban cinya, ita ke miƙe gwiwa. In ta samu matsala gwiwa kan lanƙwashe ba shiri, musamman wajen sauka daga matakala ko daga mota.

ALLURAR DA TA KUSKURE WURI

Ɗuwawun yaro ƙarami ne, balle yaron da ciwo ya ramar, saboda haka tsakanin fata da babbar jijiyar nan babu nisa. Ma'aikacin lafiya da ya koyi aikinsa ya san in ya zama dole a yi allura a ɗuwawu, sai ya raba ɓangare ɗaya gida huɗu a zuciyarsa, ya tsira a gidan sama na waje kawai. Jarirai kuwa a cinya ake yi musu, ta gaba wajen gefe. Wanda ya tsira a tsakiya ko ƙasa, ko ya yi wa yaro yana fizge-fizge, to, kan jijiya ya nufa. Wani lokaci tsinin allurar ne ke yin ɓarna, amma sau da yawa maganin da aka ɗura ne ke ƙone jijiyar.

Allurar kwinin ta maleriya ta yi suna wajen wannan ɓarna a ƙasashenmu na Afirka. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce, in har babu makawa sai an yi kwinin a tsoka, a tsinka shi a yi a gaban cinya, kada a yi a ɗuwawu. Bugu da ƙari, a shekarar 2010 an fitar da sakamakon wani babban bincike da aka yi a kan yara fiye da 5,000 a ƙasashen Afirka 9, har da Gana, inda Kumasi ta kasance ɗaya daga cikin wuraren da aka yi shi. An gano cewa allurar atesunet ta fi kwinin ceton ran yara masu matsananciyar maleriya, kuma tun 2011 ita Hukumar ta sa a gaba. Maleriyar da ba ta yi tsanani ba kuwa, wadda yaro ke iya haɗiyar magani bai amayar ba, ƙwaya ta ishe ta.

A nan fa sai mu ma mu ɗauki namu laifin. Mu ne muke cewa ƙwaya ba ta da ƙarfi, mu ne muke ganin likitan da bai rubuta allura ba bai san aiki ba. Mai shago kuwa abin da ake nema yake sayarwa. Ni shawarata ita ce, kada a nemi allura sai in likita ne ya ce dole, kada kuma a bari wanda ba a san inda ya koyi aiki ba ya tsira wa yaro ƙarfe. In ana cikin yi mutum ya ce zafi ya tsarga masa har ƙasa kamar lantarki, a dakata nan take.

Game da shan inna, a watan Agusta na 2020 an tabbatar da cewa an kawar da asalin ƙwayar cutar daga yankin Afirka, amma har yanzu ana sa ido sosai. Duk yaron da bai kai shekara 15 ba, hannu ko ƙafarsa ta saki farat ɗaya, ma'aikatan lafiya suna son a sanar da su, su ɗauki bayan gidansa sau biyu cikin kwana 14 na farko, a kai ɗakin gwaji na Cibiyar Noguchi da ke Legon. Wannan ma dalili ne na kada a zauna da yaro a gida.

TSUGUNNO, ƊORI DA HAƊARIN BABUR

Kowa ya san yadda ƙafa kan sage in an daɗe a zaune a kanta, da an tashi an ɗan taka sai ta sake. Wannan danna jijiya ne na ɗan lokaci. Amma in dannewar ta daɗe, sagewar na iya zama makonni ko watanni. Wanda ya wuni a tsugunne yana aikin gona ko gyaran mota, da mai son ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, da fatake masu doguwar tafiya a cunkushe a bayan babbar mota gwiwa na gugar ƙarfe, da majinyacin da ya daɗe a kwance ya rame, duk suna iya wayar gari sawu ya langaɓe, domin reshen nan na gefen gwiwa ya matsu tsakanin ƙashi da wani abu mai tauri.

Sai maganar ɗori. Ba na raina maɗoranmu, don akwai masu gado da suka san hannunsu. Sai dai karan ɗori da aka ɗaure tamau a gefen gwiwa yana kashe wannan jijiya, haka ma filastar asibiti in ta matse. Mafi muni, ɗauri mai tsanani a kan ƙafar da ke kumbura yana tare jini, tsoka da jijiya su mutu cikin sa'o'i kaɗan, wani lokaci abin ya kai ga yanke ƙafa. In an yi ɗori ko filasta, sa'an nan zafi ya riƙa ƙaruwa maimakon raguwa, yatsu suka yi sanyi ko suka daina ji ko suka ƙi motsi, kada a ce maganin ne ke aiki. A kwance ɗaurin, a nufi asibiti a wannan sa'a.

Haɗarin babur da na mota su ma suna kawo nasu. Gocewar gwiwa kan ja jijiyar gefe har ta tsinke, gocewar kwankwaso ta baya kuwa babbar jijiyar take dannewa. Sara da wuƙa ko yankan kwalba a bayan cinya ko gefen gwiwa, ko da ramin ƙarami ne, a tabbata likita ya gwada motsin yatsu kafin ya ɗinke. Har ila yau, macen da ta daɗe tana naƙuda, kan jariri na iya danne saiwar jijiyar a cikin ƙugu, ta tashi daga haihuwa tana jan ƙafa. Wannan ba maita ba ce, doguwar naƙuda ce.

Akwai kuma wani ɗan ƙaramin ciwo da ke tayar wa mutane hankali a banza, wato raɗaɗi ko mutuwar fata a gefen cinya ta waje, wuri kamar faɗin tafin hannu ko fiye. Wata siririyar jijiyar fata ce ke matsuwa a ƙugu saboda ɗamara ko bel mai tsauri, ko teɓa, ko juna biyu. Ba ta taɓa ƙarfin ƙafa, kuma galibi in an sassauta ɗamara an rage nauyi takan warware.

IN CIWON DAGA BAYA YAKE

Ba kullum ne ɓarnar ke inda ake jin zafi ba. Tsakanin kowane ƙashin baya da ɗan'uwansa akwai wani faifan guringuntsi mai taushi a ciki. In ya tsage, abin cikinsa ya bullo, sai ya danne saiwar jijiya. Mutum zai ji zafi ya taso daga ƙugu, ya bi ɗuwawu da bayan cinya ya wuce gwiwa har sawu, tari ko atishawa na ƙara shi. Wannan shi ake kira sayatika. An daɗe da sanin ciwon, amma sai a 1934 ne wasu likitoci biyu na Boston a Amurka, Mixter da Barr, suka nuna a fili cewa faifan nan ne ke haddasa shi kuma ana iya cire shi da tiyata. Masu dako, da 'yan kaya na kasuwar Kejetia da Kantamanto, da direbobin doguwar hanya, sun san wannan ciwo.

Abin farin ciki shi ne, mafi yawan masu sayatika suna samun sauƙi cikin mako 6 zuwa 12 ba tare da an taɓa su da wuƙa ba. Doguwar kwanciya ba ta taimakawa, gara mutum ya riƙa ɗan takawa gwargwadon ƙarfinsa, ya kauce wa ɗaukar nauyi a sunkuye. Amma ciwon baya da ya zo da rama da zufar dare da zazzaɓi na makonni, a binciki tarin fuka, domin yana cin ƙashin baya.

SUKARI DA KUTURTA

In ƙafafu biyu ne suka kama tare, daga yatsu abin ya fara yana hawa a hankali kamar ana sa safa, tafin ƙafa na raɗaɗi da dare har mutum ya yaye mayafi, to, abu na farko da za a auna shi ne sukarin jini. Kusan rabin masu ciwon sukari sukan gamu da wannan in shekaru sun tura. Haɗarin yana ga ranar da raɗaɗin ya daina, ji ya ɗauke, mutum ya taka ƙusa bai sani ba sai ya ga jini a takalmi. Daga nan gyambo, daga gyambo yanke ƙafa. Mai sukari ya duba tafin ƙafarsa kowace rana, lokacin alwala ma ya isa, ya tsane tsakanin yatsu, ya zazzage takalmi kafin ya sa, kada ya yi yawo ba takalmi, kada kuma ya gasa ƙafa da ruwan zafi ko garwashi. Yawan shan giya da ƙarancin bitamin B12 su ma suna kawo irin wannan. Maganin tarin fuka da ake kira aisoniyazid yana iya yi, shi ya sa ake haɗa shi da bitamin B6.

Kuturta kuwa asalinta ciwon jijiya ce, kuma jijiyoyin da ta fi so a ƙafa su ne ta gefen gwiwa da ta bayan idon sawu. Alamarta ta farko wani tabo ne a fata mai haske wanda ba ya jin taɓi. Tana warkewa sarai da haɗin magunguna na wata 6 ko wata 12, kuma tun 1995 kyauta ake ba da su a duniya duka. A nan ƙasar asibitin Ankaful kusa da Cape Coast ya daɗe yana wannan aiki. Wanda ya zo da wuri ba ya rasa ko yatsa ɗaya. Ɓoyewa saboda kunya ita ke kawo nakasa.

YADDA LIKITA KE GANO WURIN

Mutanenmu sukan yi fushi in likita bai aika su hoto ba. To, a sani cewa hoton ƙashi na yau da kullum ba ya nuna jijiya ko kaɗan. Babban gwajin yana bakin majinyaci da hannun likita. Zai tambayi yadda abin ya fara, farat ɗaya ne ko a hankali, an yi allura ko ɗori ko faɗuwa. A faɗa masa gaskiya, ko da a shago aka yi allurar. Zai sa ka yi tafiya a kan dunduniya, sa'an nan a kan yatsu. Zai gwada ƙarfin kowace tsoka ya ba ta maki daga 0 zuwa 5, domin in ka dawo ya san ko an ci gaba. Zai bi fata da auduga da tsinke ya zana iyakar inda ji ya ɗauke, domin kowace jijiya da gonarta. Zai buga gwiwa da agara da 'yar gudumar roba. Zai kwantar da kai rigingine ya ɗaga ƙafarka a miƙe, in zafi ya tsarga ƙasa da gwiwa ya san daga baya ne.

Alal misali, mutum biyu na iya zuwa da langaɓewar sawu iri ɗaya. Likita zai ce kowanne ya juya tafin ƙafarsa ciki. Wanda ya iya, akasari ɓarnarsa a gefen gwiwa take. Wanda ya kasa, sai a duba sama, wato baya ko ɗuwawu. Akwai kuma ƙwanƙwasa hanyar jijiya da yatsa, inda majinyaci ya ji kamar lantarki nan ne bakin raunin, in kuma wurin yana matsawa ƙasa wata bayan wata, alama ce jijiyar na tsirowa. Wani likitan Faransa mai suna Tinel ne ya bayyana wannan a 1915, lokacin da yake duba sojojin da suka ji rauni a Yaƙin Duniya na Ɗaya.

In ana bukatar ƙarin bayani akwai gwajin lantarki, inda ake auna saurin saƙo a cikin jijiya, a kuma sa siririyar allura a tsoka a ga ko tana samun umarni. Ya fi ba da amsa in an yi shi bayan kamar mako 3 da samun rauni. Hoton MRI kuma shi ke nuna faifan baya da saiwar da ya danne. Irin waɗannan sai manyan asibitoci, kuma daga ƙaramin asibiti ake rubuta wa mutum takarda zuwa Korle Bu a Ankara, ko Komfo Anokye a Kumasi, ko babban asibitin koyarwa na Tamale. A tabbata katin inshorar lafiya bai mutu ba kafin a kama hanya.

MAGANI DA HAƘURI

A 1943 wani likitan Ingila, Herbert Seddon, ya kasa raunin jijiya gida uku, kuma har gobe da wannan ake aiki. Na farko, jijiyar ta matsu ne kawai, saƙo ya tsaya amma ba abin da ya tsinke. Wannan yana warkewa da kansa cikin kwanaki zuwa wata 3. Na biyu, zaren ciki ya mutu amma rigarsa na nan, saboda haka zai sake tsirowa ya bi tsohuwar hanyarsa. Na uku, jijiyar ta tsinke gaba ɗaya, wannan ba ya haɗuwa sai an ɗinka.

Jijiya tana tsirowa kamar milimita 1 a rana, wato wajen inci 1 a wata. Mai karatu, yi lissafi da kanka. Daga ɗuwawun yaro zuwa tsokar ƙwaurinsa in santimita 30 ne, ana maganar wata 10 ke nan. A jikin babba tafiyar ta fi haka nisa. Ita kuwa tsoka ba ta jira har abada, in ta yi shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi ba ta samu saƙo ba sai ta ƙanƙance, ko jijiyar ta iso daga baya ba za ta tarar da mai amsawa ba. Wannan shi ne dalilin da ya sa watannin da ake ɓatawa wajen tsaga da ƙaho da turare suke da tsada. Yankan wuƙa mai tsabta ana son a ɗinke jijiyar cikin 'yan kwanaki. Raunin dannewa ko na allura akan sa ido kamar wata 3 zuwa 6, in ba alamar dawowa sai likitan tiyata ya buɗe, ya ɓanɓare tabon da ya shaƙe ta, ko ya yanko wata siririyar jijiyar fata daga bayan ƙafa ya yi gada da ita.

Kafin nan aikin na masu gashin ƙashi ne da na gida. Sawun da ya langaɓe in an bar shi, agara sai ta ƙanƙance ya sandare yana duban ƙasa. Saboda haka kullum a riƙa lanƙwasa shi sama a hankali sau da yawa, a kuma sa masa abin tallafi na roba mai tauri da ake zurawa cikin takalmi, wanda ke riƙe sawu a miƙe don kada a yi tuntuɓe. Ƙafar da ba ta ji a kiyaye ta daga wuta da ƙaya, kada a gasa ta, kada a tsaga ta, domin miki a wurin da ba ji ba ya saurin warkewa. In lokaci ya wuce jijiyar ba ta dawo ba, har yanzu da sauran dabara, domin ana iya ciro igiyar wata tsoka mai lafiya daga bayan ƙwauri a dasa ta a saman sawu ta riƙa ɗaga shi. Da wannan tiyata aka tayar da kutare masu yawa a Indiya da Afirka.

Zafin jijiya kuma ba ya cika jin farasitamol. Akwai magungunansa na musamman, irin su amitiriftilin da gabafentin, waɗanda ake farawa kaɗan-kaɗan, suna sa barci da jiri, kuma sai da takardar likita. Ina roƙon samarinmu su nisanci tiramol. Yana rufe zafi na ɗan lokaci ne, ba ya gyara jijiya, ga kama mutum.

Abubuwa huɗu kuwa ba a kwana da su a gida. Ciwon baya tare da kasa yin fitsari ko zubarsa ba sani, ko mutuwar fata a tsakanin cinyoyi da wajen zama. Raunin ƙafafu biyu da ke hawa sama cikin 'yan kwanaki, domin yana iya kai wa ga numfashi. Ƙafar da ta saki tare da hannu ko karkacewar baki, wannan daga ƙwaƙwalwa ne. Sai kuma ƙafar da ke cikin ɗauri tana ƙara zafi, kamar yadda muka faɗa.

Yaron maƙwabciyarmu dai mun kai shi asibiti a wannan rana. An ɗauki bayan gidansa, an wanke tsagar da ta fara ruwa, an auna masa abin tallafi, uwar kuma an koya mata yadda za ta riƙa motsa sawun safe da yamma. Likita ya ce a dawo da shi kowane wata, in an kai wata huɗu ba canji za a tura su Korle Bu. Shekaranjiya da na tsaya sayen koko ta ce mini, "Baba, jiya na ga kamar babban yatsan ya ɗan yi motsi." Na ce ta ci gaba da abin da aka ce, kada ta fasa ranar asibiti ko da kasuwa ta yi kyau. Allah ya ba shi lafiya, da dukan marasa lafiyarmu.

Mai tambaya ya rubuto ta ofishin wannan mujalla kamar yadda aka saba. A wata mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu koma kan hawan jini daga inda muka tsaya.